Jirgin da Bai Gama Shan Ruwa Ba

Jirgin farko da na haɗa da hannuna, maigidana ya sa na kwance shi ƙusa-ƙusa. A Wara ne, a bakin ruwa, a gaban mutane. Baba Gado bai zage ni ba. Ya zagaya jirgin sau ɗaya, ya gwada zura farcensa tsakanin katako biyu, farcen bai shiga ba. Ni ina tsaye ina jiran yabo, don na matse su ƙam. Sai ya ce, "Kwance." Wata biyu na yi ina haɗa shi. Kwana huɗu na yi ina kwancewa, domin ya ce ko ƙusa ɗaya kada ta lanƙwashe.

Na fara da wannan ne saboda ku, samarin da kuke zuwa mini da waya a hannu, wai in koya muku sana'a cikin wata uku. Ɗayanku har ce mini ya yi, "Baba, ai katako ne da ƙusa." Katako da ƙusa! Makara ma katako ce da ƙusa. Ni Umaru ban yi boko ba, ban iya tsara zance ba. Ina faɗa ne, ɗiyata Nafisa tana rubutawa, kuma na hana ta ƙara gishiri. Abin da ya sa na yarda da rubutunta, za mu zo wurinsa.

Shekara biyu na farko a wurin Baba Gado ban taɓa gizago ba. Aikina miƙe tsofaffin ƙusoshi a kan dutse, da yayyaga tsumma, da dafa kwalta. Har yau tabonta yana bayan hannuna. A shekara ta uku ya ba ni zarto. A ta huɗu ya fara tafiya da ni sayen katako. Ba da ido ake saye ba. Ƙwanƙwasawa ake yi, a kasa kunne. Madaci mai lafiya yana amsa ka da ƙarfi. Wanda ya ruɓe ta ciki muryarsa a shaƙe take, ko da fuskarsa ta fi ta amarya kyau. Katako mai ido ba ya zama a gindin jirgi. Wanda aka yanka ɗanye kuwa, bayan wata guda sai ya murɗe, ya tumɓuke ƙusarka.

Abin da farcen Baba Gado ke nema shi ne wannan. Ba a matse katako da ɗan'uwansa. Ana barin 'yar kafa tsakaninsu, kaurin farce. A cusa tsumma da kwalta, a rufe da zirin kwano, a bi shi da ƙananan ƙusoshi. Katako a bushe yake zuwa, in ya shiga ruwa kumbura zai yi. In ka matse shi, zai tsage. In ka sake da yawa, zai yi yoyo har abada. Saboda haka sabon jirgi in an gama shi, ana tura shi ruwa, a ɗaure, a bar shi ya cika har baki. Kwana bakwai yana kwance yana sha, kowane katako ya kumbura ya kama na kusa da shi. Ranar ta bakwai a kwarfe ruwan, a duba, sannan a ɗora masa kaya. Baba Gado ya ce duk wanda ya saki jirgi kafin bakwai, kada ya sake cewa shi ya koya masa. Ku riƙe wannan bakwai ɗin.

Masu saye kuwa, Allah ya ba mu haƙuri. Masunci yana son jirgi marar nauyi, amma ya ɗauki komar kamun kifi da yara huɗu. Ɗan kasuwa yana son ka ƙara masa katako ɗaya a faɗi, ba tare da ka ƙara komai a tsawo ba. Wani ya taɓa zuwa mini daga wajen Shanga, abin da ya dame shi kawai launin fenti da addu'ar da za a rubuta a goshin jirgin. Ban ko yanka katakon gindi ba, yana tambayata kore ko shuɗi. Kowannensu kuma jiya yake son kayansa.

Shekara arba'in ina cikin wannan, ba wanda ya taɓa tambayata yadda ake yi, sai bara. Nafisa tana kwalejin horar da malamai. Akwai wani darasi da suke kira insha'i, wato a ba ka magana ka rubuta a kanta. Ta faɗi shi sau ɗaya. Uwarta ce ta gaya mini: in ta sake faɗuwa, sallamar ta za a yi, shekara biyu sun tafi a banza. Ta zo hutu fuska a murtuke, da takardar da malamin ya dawo mata da ita. Cewa aka yi kowa ya rubuta sana'ar gidansu, kuma a kan wannan takarda za a yanke mata hukunci in an koma.

Raina ya ɓaci da malamin nan. Yarinyar da ke karanta wa duk unguwa takardar asibiti, ita ce ba ta iya rubutu ba? Har na yi niyyar shiga mota in je in gan shi. Na ce ta fara karanta mini tukuna.

"Baba, ba za ka gane ba."

"A kaina aka yi shi ko a kan wani? Karanta."

Ta gyara murya. "Mahaifina gwarzon namiji ne, tauraro mai haskaka gaɓar tafki. Da sanyin safiya, yayin da tsuntsaye ke rera waƙa, yakan ɗauki gudumarsa cikin annashuwa ya haɗa katakai, kafin ka ankara kyakkyawan jirgi ya bayyana."

"Tsaya. Wane ne wanga?"

"Kai ne mana."

"Yaushe kika gan ni cikin annashuwa?"

Uwarta tana tankaɗe a gefe, ta ce, "Ni dai ban taɓa gani ba."

"Kafin ka ankara!" na ce. "Wata biyu ne kafin ka ankara? Tsuntsayen nan kuma, in kina nufin waɗanda na sani, kashi suke yi mini a kan katako. Mi malamin ya ce?"

Ta nuna mini jan rubutu a gefe, ta karanta. Tambaya uku ce. Wane katako? Wa ke saye? Kin taɓa zuwa wurin?

Na fasa shiga motar. Haushina ya bar malami ya dawo gida. Shekara ashirin tana cin tuwon da jirgi ya kawo, ba ta san madaci ba. Ta ce haka kowa ke rubutawa a ajinsu, daga waya ake ɗebo kalmomin, da tsofaffin takardun waɗanda suka wuce. Na ce to su tauraro ne ubanninsu, ni masassaƙi ne. In tana so, gobe ta biyo ni.

Jirgin da nake haɗawa lokacin na wani masunci ne, ƙarami, katako biyar. Na shimfiɗa mata buhu a gindin bishiya, nesa da inda maza ke zama, na ce ta yi kallo daga nan. Kwana ɗaya ta yi a kan buhun. Washegari tana tsaye a kaina. Me ya sa ka buga wannan ka ajiye? Me ya sa ƙusar nan a karkace take shiga? Wa ya koya maka? Shi wa ya koya masa? Ta dame ni. Na ba ta tsumma ta cusa don ta yi shiru, ta cusa da yawa, na sa ta zare. Kwalta ta ɓata mata hijabi biyu, uwarta ta sauke faɗan a kaina. Amma ranar da muka tura jirgin ruwa ya cika, ta firgita ta ce ya nutse, na yi mata bayanin kwana bakwai, ta rubuta, ta sake tambaya, ta sake rubutawa. Na lura ta daina duba waya. Ta fara duba hannuna.

Bayan mako uku ta karanta mini sabuwar takarda. Babu tauraro, babu tsuntsu. Akwai gizago, akwai kafar farce, akwai mutumin Shanga da fentinsa. Ko ɗaya ba ta yi ƙarya ba. Na ce ya yi. Ta ɗauki hotonta ta tura wa malamin. Amsa ta dawo: yanzu kin ga aikin, amma ban ga mutumin ba. Wanda ya shekara arba'in bai taɓa yin ɓarna ba, ba a haife shi ba tukuna. Ina shekarar da abin ya lalace?

Kun ji shisshigi. Mutum yana zaune a ƙarƙashin fanka, bai taɓa riƙe gizago ba, yana tambayar shekarata da ta lalace. Amma takardar ɗiyata ce a hannunsa. Na ba ta labarin yadda kowa a Wara ya san shi. Kusan shekara talatin da suka wuce na haɗa wa Alhaji Tanko babban jirgi mai inji. A tafiyarsa ta farko, da lodin albasa zuwa kasuwar Yelwa, ya daki kututture ya nutse. Kowa ya san tafkin nan cike yake da itatuwan da ruwa ya binne a tsaye. Mutum ɗaya ya rasu. Shekarar nan ba wanda ya ba ni aiki, sai dako na yi a bakin kasuwa, da facin jiragen da wasu suka haɗa. Shi ke nan.

Ta rubuta. Sai ta ce, "Wa ya tuƙa?"

"Shehu Dogo."

"Yana raye?"

"Yana Yelwa. Mi za ki yi da shi?"

Ta ce malaminsu ya hana su tsayawa a kan baki ɗaya. Na ɗauka zance ne. Ashe mota ta shiga ta tafi wurin gwaggonta, aka raka ta har zauren Shehu.

Ranar da ta dawo ta same ni a bakin ruwa bayan azahar, mutane sun watse cin abinci. Ta gaishe ni ta durƙusa, littafin yana kan cinyarta.

"Baba, Baba Shehu ya ce bai ji jirgin ya daki komai ba. Ya ce ruwa ta gaɓoɓi ya ɓullo, ko'ina lokaci ɗaya, har suka rasa inda za su toshe."

"Shehu ya tsufa."

"Na tambayi Inna. Ta ce ranar sunan Yaya aka tura jirgin ruwa, don da kwalta a hannu ka zo wurin raɗin suna, har kakarmu ta yi maka faɗa. Ta ce ranar da labarin nutsewar ya iso, ba a ma mayar da tukwanen aro na sunan ba, su kuwa ba sa wuce kwana uku." Ta ɗago kai. "Kwana uku ke nan, Baba. Kai ka ce mini bakwai."

Da bakina na ba ta igiyar da ta ɗaure ni.

Ga yadda aka yi. Alhaji Tanko aminin mahaifina ne. Shi ya karɓa mini aure. Ranar ta uku ya zo da hantsi, albasarsa tana jibge a bakin ruwa cikin buhuna, rana tana dukanta, hadari kuma ya fara haɗuwa da yamma-yamma a kwanakin. Bai ɗaga murya ba. Ya zauna a kan tabarmata, ya yi barka da suna, ya tambayi mai jego. Sannan ya ce, "Umaru ɗana, a kwarfe muna jirgin nan."

Na ce, "Alhaji, bai gama sha ba."

Ya ce, "Ni za ka gwada ma jirgi? Da ni da ubanka mun ƙetare ruwan ga tun yana kogi. Albasa tana ruɓewa, kai kana ƙirga kwana?"

Mutane suna tsaye suna ji. Da baƙo ne, da na kore shi. Amma mutumin da ya zauna a madadin ubana ranar ɗaurin aurena, ta ina zan ce masa a'a a gaban jama'a? Na sunkuyar da kai. Muka kwarfe. Da hannuna na kwance igiyar. Da lodi ya danna shi, katakan sama da ba su gama kumbura ba suka shiga ƙarƙashin ruwa. Shehu da yaran lodi suka kama jarkoki. Wani makiyayi, Buba, da ya roƙi a rage masa hanya da ragonsa, bai iya ruwa ba. Alhaji ne ya fara cewa kututture. Ni kuma ban ce ba kututture ba ne. Baba Gado bai tambaye ni ba har ya bar duniya, amma bai sake zama a rumfata ba.

Na faɗa mata a nan bakin ruwa, ban dai kama sunan mamacin ba, ashe ta rubuta shi duka. Da ta karanta mini a gida, wurin bai wuce layi uku ba. "Ranar ta uku mahaifina ya kwance igiyar. Ya san jirgin bai kai ba. Ya ji kunyar aminin ubansa."

Na tashi tsaye. "Don wannan na kai ki makaranta? Ki ɗauki asirin gidanku ki kai wa ƙato ya sa masa maki? Alhaji yana kabari, ni ina da furfura, 'ya'yansa suna gaishe ni a masallaci!"

"Ban sa sunan Alhaji ba, Baba."

"Nawa fa?"

Uwarta ta ce, "Malam, a hankali, maƙwabta." Na ce maƙwabta su ji, ai gobe a takarda za su karanta.

Kwana uku ban amsa gaisuwarta ba. Hutu yana ƙarewa. Ran Litinin za ta koma, kuma a ranar za ta miƙa takardar. Ran Asabar da safe ta same ni ina wasa gizago, ta ajiye takardu biyu a kan katako, ta danne kowace da ƙusa.

"Wannan mai kututture ce. Wannan kuma waccan ce. Wadda ka ce, ita zan kai."

"Mai kututturen za ta ci?"

"Ban sani ba. Malam yana gane wurin da aka rufe. Amma in ka ce ita, ita ce. In an sallame ni, an sallame ni."

Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙe ni ba. Da ta yi, da na sami abin yi wa faɗa. Na ce ta karanta mini mai kututturen daga farko. Na ajiye gizago na kasa kunne, yadda nake yi wa katako. Wurin ƙusa da tsumma, maganar tana amsawa da ƙarfi. Wurin mutumin Shanga ma haka. Da ta iso kan jirgin Alhaji sai muryar takardar ta shaƙe. Wai ƙaddara ta riga ta rubuta, wai cikin ƙiftawar ido. Tsuntsayen nan ne suka dawo. Ni da ban san baƙi ɗaya na boko ba na ji wurin. Mai jan biro kuwa daga ƙofa zai jiyo shi.

Na ce, "Kwance wannan."

Ta dube ni.

"Yaga ta. Karanta mini ɗayar."

Ta karanta. Na tsayar da ita wuri biyu. Na farko, ta ce da igiyar roba aka ɗaure jirgin. Na ce lokacin ta rama ce, ta gyara. Na biyu, ta rubuta cewa wani Bafillace ya rasu.

"Wane ne wani?"

"Ban san sunansa ba, Baba Shehu ya manta."

"Ni ban manta ba. Buba. Dogo ne, da hular kaba, ragonsa fari mai baƙin wuya. Ya gaishe ni kafin ya shiga, ya ce jirgin ya yi kyau. Sa shi."

Ta sa.

Ta ci darasin. Ta ce takardar ta dawo babu ja ko ɗaya a ciki, sai layi guda a ƙarshe, wai ta gaishe da mahaifinta. Ban amsa ba, kuma ba zan amsa ba. Har yau ina jin haushin mutumin. Da tambaya ɗaya daga kan kujera ya tono abin da shekara talatin suka binne. Amma aikinsa ya iya, wannan ba zan hana shi ba. Yarinyar da ta je masa da tauraro, ya dawo mini da ita tana ƙirga kwana da tukwanen aro. Shi ya sa na yarda ta riƙe mini alƙalami yau. Na san ko na roƙe ta ba za ta gyara ni ba.

To ku masu wata uku, kun ji. Yankan katako za ku iya. Buga ƙusa ko ɗan shekara goma ya iya. Abin da ya gagare ni ina da shekara goma sha wani abu a cikin sana'a, shi ne in dubi babba in ce masa bai kai ba. Wanda ba zai iya wannan ba ya je ya nemi babur ya yi acaɓa.

Akwai jirgi yanzu a gaban rumfata, cike da ruwa har baki. Yau kwanansa biyar. Mai shi ya zo da safe, kuma bai zo shi kaɗai ba, da limamin unguwarmu ya zo, don ya san ina jin nauyinsa. Suka zauna a kan tabarmata, aka gaisa, aka yi addu'a, aka tambayi iyali. Liman ya gyara zama ya ce, "Malam Umaru, bawan Allah nan yana da buƙata."

Na ce, "Allah gafarta malam, jibi."